Filin Tambaya da Amsa: Gogen Turawa a Tsofaffin Coci-coci

Tun da na yi suɓutar baki a fitowar da ta wuce na ce na taɓa zama awa guda cur cikin sanyi a wani tsohon coci don kawai in ji mutum ɗaya yana goga tsirkiya, wasiƙu suke ta shigowa. Wasu sun ɗauka zolaya nake yi. Na tsamo guda huɗu, na taƙaita su saboda fili.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni da maiɗakina za mu yi kwana huɗu a Paris cikin watan Disamba. Ko'ina na duba sai in ga tallar kiɗan biyolin a Sainte-Chapelle da wasu manyan coci-coci, kusan duka na Vivaldi. Me ya kai kiɗa coci alhali ga zaurukan da aka gina don shi? Kuma wanne za mu zaɓa? (Wani magidanci daga Lyon)

Amsa: Barka kadai, Alhaji. Bari in fara da ta farkon, don ita ce uwar ta biyun.

Gogen Turawa, wato biyolin da yayyenta, biyola da celo da kuma ƙaton nan mai kaurin murya da ake kira kwantirabas, ba a jona musu lasifika a irin wannan taro. Abin da akwatin katakon ya fitar shi ke nan, sauran aikin na ɗakin ne. Sauti ya bar tsirkiya, ya bugi bango ya dawo, ya bugi rufi ya sake dawowa, haka har ƙarfinsa ya ƙare. Labule da darduma da tufafin jikin mutane shanye shi suke yi. Dutse da gilashi kuwa mayar da shi suke. Masana suna auna wannan da sakan, daga lokacin da makaɗi ya tsaya zuwa lokacin da amon ya mutu. Wanda ya fara auna shi, Wallace Sabine na Jami'ar Harvard a Amurka, a 1895 aka ɗora masa gyaran wani ɗakin lacca da ɗalibai ba sa gane abin da malami ke faɗa. Sai dare ya tsala, gari ya yi tsit, shi da mataimakansa su kwaso matasan kujeru daga wani zaure na kusa su jera, ya busa bututun ogan, ya riƙe agogo yana ƙirga. Zaurukan da ake yabo a yau, irin Musikverein na Viyana, sukan riƙe sauti kimanin sakan 2. Babban coci na dutse kuwa sai ya riƙe shi sakan 5 ko 6 ko fiye, St Paul's na Landan ma idan babu kowa a ciki yana kaiwa wajen 11.

To, yi lissafin da kanka. A cikin kiɗan Yanayi Huɗu na Vivaldi, mai tsara kiɗa ɗan Venis, wanda kake gani a tallan nan, akwai wurin da yake kwaikwayon hadarin bazara. A nan mai biyolin yakan fitar da sauti kusan goma a sakan guda. Idan ɗakin yana riƙe kowane sauti sakan biyar, kafin na farko ya mutu hamsin sun hau kansa. Wanda ke zaune a sahun gaba zai tsira, don abin da ya fito daga gogen kai tsaye ya rinjayi amsa-kuwwa. Na baya kuwa guguwa kawai zai ji.

Ni ganau ne. A wani babban coci a wani birni na tsakiyar Turai na sayi tikiti mafi araha, ina jin na yi wayo. Aka zaunar da ni can ƙurya, ginshiƙi ya kare mini rabin makaɗan, sauran rabin sanye da farar hular gashi irin ta mutanen da, ɗaya tasa ma ta karkace. Ina ganin hannun mai biyolin yana gudu, amma abin da ke isowa kunnena kamar ana magana a cikin rijiya. Kafin minti hamsin an sallame mu, ana jiran wani ayarin 'yan yawon buɗe ido a bakin ƙofa. Makaɗan ba su da laifi sosai, an ba su kiɗan gudu ne a ɗakin da ba ya son gudu.

Daren da na ba ku labari a baya kuwa a wani ƙaramin cocin ƙauye ne a Faransa, cikin Nuwamba, mu bai fi mu sittin ba. Wata mata ita kaɗai da celo, tana kaɗa na Bach, mai tsara kiɗa ɗan Jamus. Ina sahu na uku. Ina jin numfashinta kafin ta ja bakan gogen, ina jin ɗan ƙarar nan na izga a kan tsirkiya kafin sautin ya cika. Celo galibi sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, amma da yake bangon yana riƙe na baya har na gaba ya same shi, sai ka rantse mutum biyu ko uku ne. Da ta kai ƙarshen wani kashi mai nauyin tafiya ta ɗaga bakan, sautin bai tafi ba, ya tsaya can sama a ƙarƙashin rufi yana narkewa, ita ma ta ɗaga kai tana sauraronsa tare da mu. Yatsun ƙafata sun daskare, sai bayan mun fito na ankara. Ba banza ba Mstislav Rostropovich, gwanin celo ɗan Rasha, da ya tashi naɗar kaɗe-kaɗen celo guda shida na Bach a 1991, ya bar zaurukan duniya ya tafi tsohon cocin Vézelay a yankin Burgundy.

Kada kuma a ɗauka jiya aka shigar da goge coci. A Italiya ta ƙarni na 17 har suna aka raba: akwai sonatar coci, akwai sonatar ɗaki, wato kiɗan 'yan makaɗa kaɗan ba tare da waƙa ba. Arcangelo Corelli, wanda aka binne a Pantheon na Roma, ya buga tarin sonatocin coci na farko a 1681, suna tafiya a hankali, su ɗan yi sauri, su koma a hankali, su sake sauri, kuma sautukan da ake ja da tsawo sun yi daidai da ɗaki mai amo. Mozart ma ya rubuta gajeru 17 don babban cocin Salzburg. Su waɗannan sun san ɗakin da suke rubuta wa. Idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, haka idan ɗaki ya sauya. Yanayi Huɗu kuwa, da aka buga a Amsterdam a 1725, ba kiɗan coci ba ne ko kaɗan, labarin tsuntsaye ne da makiyayi da mashaya da farauta da sanƙarar haƙora cikin hunturu. Dalilin da ya sa ya cika coci-cocin Turai a yau shi ne kowa ya san shi, makaɗa shida ko bakwai sun isa, kuma minti arba'in ya ƙare.

Yanzu ga Sainte-Chapelle. Sarki Louis na 9 ne ya gina ta, aka keɓe ta a 1248. Benen sama inda ake kiɗan tsawonsa mita 33 ne kawai, faɗinsa bai kai 11 ba, saboda haka ba ta cikin manyan da ke dagula sauti, kodayake rufinta ya haura mita 20. Abin da ake zuwa gani shi ne tagogi 15 na gilashi mai launi, kowace kusan mita 15 a tsaye, ɗauke da zane 1,113. Ga inda gizo ke saƙa: wannan gilashin sai rana ta bugo shi daga waje yake magana. A Disamba rana tana faɗuwa a Paris wajen ƙarfe biyar, kiɗan kuma da yamma ake yi. Za ku shiga ku tarar da tagogin sun yi duhu. Shawarata, ku je kallon tagogin da hantsi a rana dabam, kiɗan kuma ku ɗauke shi a matsayin kiɗa. Ku sayi kujera a kashi ɗaya cikin uku na gaba, ta tsakiya, ko da za ku rage wani abin a tafiyar. Hajiya ta riƙe rigar sanyinta a jiki, kada ta yarda ta cire, dutsen da ya shekara kusan ɗari takwas ba ya ɗumama da wuri. Ginin yana cikin harabar kotun Palais de Justice, don haka akwai binciken jaka irin na filin jirgi, ku je da wuri. In kuwa cikin kwana huɗun nan kuka ga an lika takardar wani ƙaramin coci da za a kaɗa Bach ko Corelli, ni dai can zan nufa.

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ina karatu a Padova, nakan shiga jirgin ƙasa in je Venis ranar hutu. Wani mai sayar da tikiti a bakin ruwa ya ce mini cocin Pietà shi ne ainihin inda Vivaldi ya yi kiɗa da hannunsa. Gaskiya ne? (Wata ɗaliba)

Amsa: 'Yata, ina amsawa. Ya faɗa miki rabi ya haɗiye rabi.

Pietà gidan marayu ne da aka kafa tun 1346. Akwai wata 'yar kafa a bangonsa da ake ajiye jariri a ɓoye a tafi. 'Yan matan da aka ga suna da kunne sai a koya musu kiɗa da waƙa, kuma sun shahara har baƙi daga ƙasashe suna zuwa saurarensu. A can sama suke kaɗawa, a bayan ragar ƙarfe, ana jin su ba a ganin fuskarsu sosai. A 1703 aka ɗauki Vivaldi ya koya musu biyolin, yana ɗan shekara 25, a shekarar da aka naɗa shi limamin coci. Saboda jan gashinsa ake masa laƙabi da Jan Limami. Ya shafe shekaru fiye da talatin yana shiga yana fita a wannan aiki. Ɗaya daga ɗalibansa, Anna Maria, wadda ba ta da sunan uba sai na gidan, ya rubuta mata kwancato, wato kiɗan da makaɗi ɗaya ke ja sauran suna rakiya, fiye da ashirin ita kaɗai. Duk lokacin da na ji ana yabon wahalar kiɗan Vivaldi nakan tuna cewa yarinyar da aka tsinta a kafar bango ce ta fara kaɗa da yawa daga cikinsu.

Amma cocin da kike gani yau, mai farar fuska yana kallon ruwa, a 1745 aka fara gina shi, aka gama a 1760. Vivaldi ya rasu a Viyana a 1741, cikin talauci, aka binne shi a maƙabartar wani asibiti kusa da cocin Karlskirche. Ke nan bai taɓa taka ginin nan ba. Tsohon ɗakin da ya yi aiki yana gefe, inda otal ɗin Metropole yake yanzu.

Wannan bai hana ki shiga ba. Giorgio Massari, wanda ya zana ginin, da kiɗa a ransa ya zana shi: cikinsa kamar ƙwai, babu kusurwa mai kaifi, ga barandar 'yan matan a sama da ragarta. Ki ɗaga kai ki ga zanen Tiepolo a rufi. In kuma kiɗan kike so fiye da tarihin, ki gwada San Vidal kusa da gadar Accademia. An daina ibada a cikinsa, ƙungiyar Interpreti Veneziani ke kiɗa a wurin, da kayan jikinsu na yau da kullum, a ƙarƙashin zanen Carpaccio na mutum a kan farin doki. Idan ana kaɗa Yanayi Huɗu aka zo kashi na biyu na yanayin farko, ki bar mai biyolin ki sa ido a kan mai biyola. Sauti biyu kawai yake ta maimaitawa da ƙarfi. Vivaldi da kansa ya rubuta a takardar cewa haushin karen makiyayi ne.

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Landan. Abokiyar aikina ta saya mana tikitin kiɗa cikin hasken kyandir a St Martin-in-the-Fields. Ni Musulma ce, ina gudun kada in tsinci kaina a tsakiyar ibadar mutane. Sannan ban san lokacin tafi ba, ina tsoron in ji kunya.

Amsa: Amin, Hajiya, tare da ke. Hukuncin shiga ko ƙin shiga na malamanki ne, ba na wannan fili ba. Abin da zan iya shi ne in gaya miki abin da za ki tarar, don in za ki yi tambaya ki yi ta da cikakken bayani.

St Martin coci ne mai rai na ɗariƙar Angalika, a kusurwar dandalin Trafalgar, James Gibbs ya kammala shi a 1726. Ana ibada a cikinsa a lokutanta. Kiɗan yamma na masu tikiti abu ne dabam: babu wa'azi, babu addu'a, babu wanda zai ce ki durƙusa ko ki amsa wani abu. A duba tikitinki a ƙofa, a nuna miki benci, makaɗa su fito su sunkuya, su kaɗa, su tafi. Sai dai ginin yana nan a yadda yake, da bagadinsa da alamominsa. Babbar tagar da za ki fuskanta, mai farin gilashi da layuka kamar gicciye da aka gani ta cikin ruwa, Shirazeh Houshiary ce ta zana ta, haifaffiyar Iran, aka sa ta a 2008. Wurin yana da tarihi da goge: ƙungiyar da Neville Marriner ya kafa, Academy of St Martin in the Fields, a nan ta yi kiɗanta na farko a 1959. Akwai katako da yawa a ciki, benci da baranda, shi ya sa sautin ba ya dagulewa.

Abin da ya kamata ki duba shi ne takardar shirin, don kiɗan ma iri-iri ne. Wani ba ruwansa da addini. Wani kuwa don ibada aka haife shi. Misali, wajen 1786 wani coci a Cádiz ta ƙasar Sifen ya nemi Joseph Haydn ya rubuta kiɗa a kan kalmomi bakwai da Kiristoci suka yi imani Annabi Isa ya faɗa a kan gicciye. Haydn ya ba da labarin yadda ake yi: a rufe bango da tagogi da baƙin ƙyalle, a bar fitila ɗaya tak a rataye, bishop ya hau mumbari ya karanta kalma ɗaya ya yi bayani, ya sauko ya durƙusa, sai makaɗa su cike shirun. Haka sau bakwai, kowane kashi a hankali, a rufe da na girgizar ƙasa. A 1787 ya mayar da shi na goge huɗu, biyolin biyu da biyola da celo, kuma har yau ana yawan kaɗa shi a coci-coci gab da Ista, wani lokaci tare da karatu daga Linjila a tsakani. Idan kika ga an rubuta Mass ko Passion ko Requiem ko Evensong, to akwai waƙar addini a ciki, na ƙarshen ma ibada ce kai tsaye. Idan kika ga Concerto ko Quartet ko Serenade ko Suite, kiɗa ne zalla.

Batun tafi mai sauƙi ne. Kiɗa ɗaya yakan kasu uku ko huɗu, da ɗan shiru a tsakani, kuma al'adar yanzu ba a tafi a wannan shirun. Ki kalli hannun makaɗan. In bakan yana sama, ko sun juya takarda suna gyara zama, ba a gama ba. In sun sauke goge daga wuya suka dubi jama'a, to bismilla. A coci ma akan ɗan ƙara jira har amon ƙarshe ya mutu, don shi ma cikin kiɗan yake, kuma babu abin da ke ba ni haushi irin mai gaggawar nan da ke tafi a kan sautin da bai gama sauka ba. In kin yi kuskure kada ki damu. A zamanin Mozart tsakiyar kiɗa ma tafi ake yi idan wuri ya yi daɗi, kuma shi murna yake da hakan. Waya dai a kashe ta ɗungurungum. Tari kuwa, ki ɓare alewarki tun kafin a fara, ƙarar ledar nan a coci har sahun ƙarshe take kaiwa. Tufafinki na mutunci da gyalenki sun isa, ba wanda zai kalle ki. In kin sauka gidan shayin da ke ƙarƙashin ginin, ki dubi ƙasa: duwatsun kaburbura ne kike takawa.

Tambaya: Malam, na lura makaɗan nan sai su yi ta murɗa kan gogen suna gwaji bayan kowane kiɗa. Ba sa shiryawa ne daga gida? Kuma wai gaskiya ne akwai biyolin da ta fi gida tsada? (Wani direba daga Leipzig)

Amsa: Ɗan'uwa, sun shirya, ɗakin ne ke warware musu shiri. Biyolin katako ce mai laushi, fuskarta ta itacen da Turawa ke kira spruce, bayanta na mapul, kuma katako yana numfashi. Sun gyara tsirkiya a ɗan ɗaki mai ɗumi, suka fito cikin sanyin dutse, sannan mutum ɗari uku suka shigo da numfashinsu da jiƙaƙƙun rigunansu, iskar ta ɗumama ta yi laima. Duk wannan yana motsa tsirkiya. Abin ya fi tsanani ga masu bin salon da, waɗanda tsirkiyarsu ta hanjin tumaki ce maimakon ƙarfe ko roba: muryarta ta fi taushi, amma minti goma sun isa ta sauka. Izgar dokin da ke jikin bakan ma takan saki in da laima, har ƙaron da ake goga mata ya kasa kamawa sosai. Tunda a Leipzig kake, ka leƙa Thomaskirche inda Bach ya yi aiki daga 1723 har rasuwarsa a 1750, kabarinsa ma yana ciki. In ka dace da masu salon da, za ka ga wannan murɗe-murɗen da idonka.

Maganar tsada kuwa, ba gida ɗaya ba, har unguwa. Antonio Stradivari na garin Cremona, wanda ya rasu a 1737, akwai wata biyolin da ya ƙera a 1721 mai laƙabin Lady Blunt. A 2011 aka yi gwanjonta a kan fam miliyan 9.8, aka ba da kuɗin don agajin waɗanda girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka shafa a Japan. Amma irin waɗannan ba su ake kawowa cocin da babu na'urar ɗumama ɗaki a tsakiyar hunturu ba. Da yawa daga makaɗa suna da goge na biyu da suke ajiyewa musamman don irin wannan dare.